Tamoji ya fara fito mini a fuska, in sayi haɗin mai ko in haƙura?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Don Allah shawara nake nema. Shekarata 41, kuma tun shigowar hunturun nan na lura fuskata ta canza. Akwai ƙananan layuka a gefen idanuna, in na yi murmushi sai su tattaru, ga wasu biyu a goshi waɗanda ko na saki fuska ba sa ɓacewa. Hoda ma in na shafa sai ta shige cikin layukan ta kwanta, ta ƙara tona su. Wata maƙwabciyata ta haɗa ni da mai sayar da haɗin mai, ta ce cikin sati biyu zai goge komai, har haske zan ƙara. Robar ba suna, ba takarda, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Ban biya ba tukuna. Wadda ta san kan abin nan ta faɗa mini gaskiya.

Hajiya Uwani:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ki riƙe kuɗinki. Na haura 60, ban taɓa shafa wani abu da ya wuce man kaɗanya da basilin ba. Da kin fito daga wanka, tun jiki da danshi, ki murza shi a tafin hannu ya narke ki shafa. Rabin abin da kike gani bushewar hunturu ce, da damina ta sauka za ki neme shi ki rasa. Sauran rabin kuma shekaru ne, Allah ne ya ba ki su, akwai waɗanda ba su kai ba.

Zee Gyaran Amare:
Anti, ki zo a yi miki dilka da halawa na sati ɗaya, ki ga yadda fatarki za ta koma. Kuma don Allah a daina yi wa haɗin mai kuɗin goro. Akwai masu haɗa shirme, akwai mu da muka san aikinmu. Nawa kwastomomina ke shafawa shekara da shekaru, ba wadda ta dawo da kuka.

Ummita:
Ni dai abin da nake gani a Instagram, ƙanƙara ake goga wa fuska da safe, sannan a sha garin kolajin. Masu kuɗi kuma allurar Botox suke yi kawai su huta.

Hauwa Famasis:
Maman Sadiq, kafin ki ba kowa ko sisi, bari mu rarraba abin, don layukan fuska ba iri ɗaya ba ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ki wanke fuska yau da dare, ki shafa mai mai kauri, bayan kamar rabin awa ki duba madubi a wuri mai haske. Duk ƙananan layukan da suka lafa, na bushewa ne, kuma maganar Hajiya ce daidai a kansu. Waɗanda suke fitowa sai kin yi dariya ko kin haɗe gira, aikin naman da ke ƙarƙashin fata ne, yana naɗe ta a wuri ɗaya shekara da shekaru. Waɗanda kuma suke nan daram ko kin saki fuska, su ne suka nuna cewa cikin fatar ya fara raguwa.

Ƙarƙashin fatar da muke gani akwai wani sashe mai ɗauke da kolajin da ilastin. Ki ɗauke shi kamar soson katifa: yana da kauri, zanin gado ya kwanta sumul, ya fara lotsawa, ko an ja zanin sai ya tattare. Daga shekara ashirin da wani abu kolajin yake raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, in mace ta daina al'ada kuma takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko. Wannan ba mai hana shi. Amma abin da ya fi cin kolajin da sauri ba shekaru ba ne, rana ce. A 2012 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga hoton wani dattijo ɗan shekara 69 da ya yi shekara 28 yana tuƙa motar kai kaya. Ɓangaren fuskarsa na hagu, wanda ke kusa da taga, ya yamutse ya zazzago, na dama kuwa da sauran kyansa. Mutum ɗaya, abinci ɗaya, shekaru ɗaya, bambancin kawai wanne ne rana ta fi duka.

Game da robar da ba suna: don girman Allah kar ki shafa. Babu man da ke gina kolajin a sati biyu. Abin da ke sa fuska ta yi santsi da haske cikin kwanaki kaɗan shi ne maganin kumburin fata mai ƙarfi da ake zubawa a ciki, irin su clobetasol da betamethasone, wani lokaci a haɗa da sinadarin bilicin da ake kira hydroquinone, wasu har da sinadarin makuri.

Zee Gyaran Amare:
Anti Hauwa, da girmanki, amma kin taɓa ganin nawa haɗin? Ku ma'aikatan asibiti duk abin da bai fito daga kantinku ba guba ne. Matan nan aure suke karewa. Mace ta haihu huɗu, biyar, maigida ya fara waige-waige, ki ce ta zauna da man kaɗanya?

Hauwa Famasis:
Ban ga naki ba Zee, shi ya sa ban ce naki ba. Amma na ga fuskokin da irin wannan haɗin ya bari, suna zuwa kantinmu neman mafita. Wata baiwar Allah ta zo mini, ta ɗaga niƙabi a bayan kanta don kar a gani. Kumatunta sun yi ja kamar an ƙona, ƙananan jijiyoyi kore-kore duk sun bayyana, fatar ta yi sirara tana ƙyalli, ga gashi ya tsiro mata a haɓa. Ta ce ko murhu ba ta iya matsawa kusa, fuskar sai ta ɗauki raɗaɗi. A damtsenta nankarwa ce faffaɗa jajawur. Ba ta kai 35 ba, amma gefen idonta ya fi na mahaifiyata tattarewa. Dalili kuwa, shi wannan maganin kumburi aikinsa a jiki har da hana fata ƙera kolajin. Wato abin da aka saya don a kori tamoji, shi ke jawo shi da wuri. Hydroquinone kuma in aka daɗe ana shafawa, yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a ƙashin kumatu wanda cire shi yana da matuƙar wuya. Makuri ƙoda yake taɓawa. Ba ni kaɗai nake faɗa ba: Gana ta hana kayan shafa masu hydroquinone a 2016, Kodebuwa ta riga ta a 2015, a nan gida ma NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan man bilicin.

Maganar aure kuma na ji ta, ba na raina ta. Amma ki duba wadda na ba ki labarinta, da wace fuskar za ta kare auren yanzu?

Maman Ilham:
Wallahi gaskiya ne. Ƙanwar mijina ma haka take, duk ranar da ta daina shafawa sai ƙuraje su feso mata, fuskar ta yi ta ƙaiƙayi, dole ta koma. Yanzu man ne ke riƙe da ita.

Hajiya Uwani:
Zee, ki ji tsoron Allah a kan maganar nan ta waige-waige. Namijin da zai ƙara aure zai ƙara ko fuskarki ta fi madubi sheƙi. Kar ki sa yarinya ta ga kamar layi biyu a goshinta ne zai rusa mata gida. Mu da muka ga jiya muka ga yau mun san abin da ke riƙe aure, ba ya cikin roba.

Zee Gyaran Amare:
Allah ya huci zuciyarki Mama, ban faɗa don in tsorata ta ba. Abin da mata ke faɗa mini in sun kwanta a kan tabarmar gyara shi na maimaita. Kuma gyara ai ba haramun ba ne.

Maman Sadiq:
Na gode muku duka. Ni dai ba maganar maigida ba ce, shi bai ma lura ba. Ni ce nake son in duba madubi in ji daɗi. Anti Hauwa, to in ba haɗin ba, mene ne ke aiki? Ni malamar makaranta ce, kullum a adaidaita nake tafiya, taron safe kuma a fili muke tsayawa.

Hauwa Famasis:
To kin ga inda gizo ke saƙar. Abu na farko, man kariya daga rana, wanda aka rubuta SPF 30 (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) ko sama da haka a jikinsa, kowace safiya, har a hunturu. Hazo ba ya tare dukkan nau'in hasken da ke tsufar da fata, gilashin taga ma ba ya tare shi duka. A Ostireliya an bi mutane kusan 900 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka fitar da sakamakon a 2013: waɗanda suke shafa man kullum, tsufan fatarsu ya gaza na masu shafawa jefi-jefi da kashi 24 cikin 100. Ki matsa shi a tsawon yatsu biyu, wannan ne adadin fuska da wuya. In za ki daɗe a waje ki ƙara bayan kamar awa biyu. Ki riƙe lema, ki nemi inuwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, in da hali ki sa tabarau mai duhu, don yawan ƙanƙance ido a rana shi ke zana layukan gefen ido.

'Yar Damagaram:
Anti, ni fa a nan ban gamsu ba. Mu baƙaƙe ne, Allah ya riga ya yi mana kariya. Wancan binciken ai a kan Turawa aka yi shi. Kakata a gona ta ƙare rayuwarta, ranar Damagaram kuwa kowa ya san ta, ba ta taɓa jin sunan wannan mai ba. Na taɓa saye a famasi, ya bar mini fuska furu-furu, ga tsada.

Hauwa Famasis:
Kin yi gaskiya a rabi. Binciken yawanci a kan masu farar fata aka yi, kuma baƙar fata tana da kariyarta, an kiyasta ta kai kwatankwacin SPF 13. Shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, sau da yawa sai mun ba Baturiya shekara goma ko fiye kafin mu kai inda take. Amma 13 ba 30 ba ce, kuma mu tsufan rana ba da layi yake fara mana ba, da dabbare-dabbare yake farawa: goshi ya fi kumatu duhu, tabon ƙurji ya ƙi tafiya, baƙin da ke fitowa lokacin ciki ya zauna. Ki tuna fuskar kakarki, ki kwatanta da fatar cinyarta ko cikinta da zani ke rufewa. In kin taɓa yi wa tsohuwa wanka kin san abin da nake nufi.

Kuma duk wadda ta taɓa yin bilicin ta riga ta kankare waccan kariyar, ita ce ta fi kowa bukatar man.

Furu-furun da kika gani daga masu sinadarin zinc ne ko titanium. Akwai waɗanda ba sa barin fari, akwai kuma masu ɗan launin hoda. In kuɗi ya hana, lema da inuwa da mayafin da aka jawo ya sauko kan goshi suna rage da yawa. Masu sa niƙabi mai kauri ma sun samu kaso babba, sai dai kewayen ido.

'Yar Damagaram:
Maganar cinyar tsohuwa kam haka take, na gani da idona. Amma ni dai a lema zan tsaya, kuɗin man nan kowane wata ba zan iya ba.

Maman Ilham:
Tambayata ita ce alwala. Ka shafa da safe, azahar ta yi ka wanke. Kuma shin ba ya hana ruwa taɓa fata?

Malama Saudatu:
Abin da muka karanta shi ne, man da fata ta shanye, ya bar maiƙo kawai, ba ya hana alwala. Wanda ke hanawa shi ne mai kauri da ke yin ɓawo a kan fata har ruwa ya kasa ratsawa. In kina shakkar wani iri na musamman, ki nuna wa malamin da kika yarda da shi. Sannan ina so in ce wa Hajiya da Zee, kowaccenku da gaskiyarta. Kula da fata, tsafta, shafa mai, kare kai daga cuta, ba wanda ya hana. Abin tsoro shi ne cutar da jikin da aka ba ka amana.

Hauwa Famasis:
Na gode Malama. Ta ɓangarena, alwala tana wanke man, don haka in za ki sake fita bayan azahar sai ki ƙara. In kina cikin gida ba sai kin damu ba. Abin da na fi so mata su kula da shi a hunturu shi ne, ruwa yana taɓa fuska sau biyar a yini, iska ta busar. Ki ajiye ƙaramin mai kusa da buta, kina idar da alwala ki ɗan shafa tun da danshi. Sabulun salo kuma yana da kaifi, sau ɗaya a yini ya isa a fuska, kuma ban da ruwa mai zafi sosai.

Abu na biyu, Maman Sadiq, shi ne wanda ya fi kowane man shafawa hujja a kan layukan da suka riga suka zauna: tretinoin, dangin bitamin A. Tun 1971 ake amfani da shi a Amurka don ƙurajen fuska, sai likitoci suka lura masu shafa shi fatarsu na ƙara laushi, a 1995 hukumar magunguna ta can ta amince da shi don ƙananan layuka. Yana sa fata ta koma ƙera kolajin. Amma magani ne, ba kwalliya ba, likita ya kamata ya rubuta miki. Ana farawa da mai rauni, irin wanda aka rubuta 0.025% a jikinsa, da dare kawai, gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska gaba ɗaya, sau biyu a sati, a kan busasshiyar fata, a bi da mai. A kauce wa fatar ido da kusurwar baki da gefen hanci. Makonnin farko fuska na iya yin saɓa da ɗan zafi. In kika yi gaggawa kika lafta, fatar za ta ƙone, mu kuma duk inda ya ƙone baƙi yake bari. Ni da za ki ji tawa, ki bari sanyin nan ya wuce kafin ki fara. Sakamako sai bayan wata uku zuwa shida, kuma ragewa yake yi, ba gogewa ba. Retinol da ake sayarwa ba da takardar likita ba ƙanensa ne, ya fi sauƙi a fata, ya fi jinkiri.

Uwar Biyu:
Ni ina da ciki wata huɗu, kuma wata ta ba ni retinol ɗin nan.

Hauwa Famasis:
Ki ajiye shi yau ɗin nan, 'yar uwa. Mai ciki da mai neman ciki ba sa shafa tretinoin ko retinol ko ɗan uwansu adapalene. In kin riga kin shafa kar hankalinki ya tashi, abin da ke shiga jini ta fata kaɗan ne, amma ki faɗa musu ranar awo. Man kaɗanya da man kariyar rana sun ishe ki har ki sauka lafiya. Lokacin shayarwa ma ki tambayi likita tukuna.

Uwar Biyu:
To Anti, na ajiye. Allah ya saka da alheri.

Ummita:
Ba wanda ya amsa mini maganar ƙanƙara da kolajin.

Hauwa Famasis:
Yi haƙuri ƙanwata. Ƙanƙara tana sauke kumburin safiya na ɗan lokaci, iyakarta ke nan. Man da aka ce na kolajin ne, ƙwayar kolajin ta yi girman da ba ta ratsa fata, laushi kawai yake sawa. Na sha kuma, ciki narkar da shi yake yi kamar kowane nama, ba a rubuta masa adireshin goshi ba. Akwai ƙananan bincike da suka nuna ɗan amfani, amma da yawansu kamfanonin da ke sayarwa ne suka biya kuɗin yin su. Ki kuma duba daga me aka yi shi, don ana yi daga saniya, ana yi daga kifi, ana yi daga alade. Kuɗin ki sa a ƙwai, wake, kifi, zogale, gwaba da lemo, don jiki ba ya ƙera kolajin sai da bitamin C.

Botox allura ce da ke kwantar da naman da ke naɗe fata, an amince da ita don layin tsakanin gira a 2002. Tana aiki, amma wata uku zuwa huɗu ta sake ki, sai an maimaita. A 2024 a Amurka kanta an kwantar da mata a asibiti saboda jabunta da kuma allurar da waɗanda ba su da lasisi suka yi. Allurar ciko kuma in ta shiga jijiyar jini tana iya makantar da mutum. Ba abin da za a yi a shagon kitso ba ne. Ke kuma da shekarunki, abin da zai fi yi miki amfani shi ne ki nisanci shisha da taba, ki samu barci, ki daina murza lemon tsami a fuska in kina yi, don lemon tsami da rana ƙuna suke haifarwa.

Hajiya Uwani:
A ƙara da hayaƙin itace. Duk macen da ta yi shekaru tana hura wuta a rufaffen madafa, ki dubi idonta. A fito da murhu inda iska ke wucewa.

Zee Gyaran Amare:
To ni dilka fa? Ita ma za a ce guba ce?

Hauwa Famasis:
A'a. Dilka ta asali, irin wadda muka samo daga Sudan da Chadi, tana cire mataccen saman fata, jiki ya yi laushi da ƙamshi. A jiki ba ni da matsala da ita. A fuska dai a sassauta hannu, kar a dirje, kuma kar a yi wa wadda ke shafa tretinoin dilka ko halawa a fuska, fatar na iya ɗayewa. Sai dai ba ta kai inda tamoji yake ba, saman kawai take gyarawa. Tsorona shi ne abin da wasu ke zubawa a cikinta don amarya ta yi fari kafin ranar kamu.

Zee Gyaran Amare:
Dilkata ba na zuba komai. Haɗin man ne dai nake sayo farin man a kasuwa da kilo, sai in ƙara tub guda uku da mai shagon yake ba ni, da wani ruwa a ƙaramar kwalba. Ya ce mini duk na itatuwa ne.

Hauwa Famasis:
Ɗauko kwalayen tub ɗin ki duba ƙananan rubutun gefe. Ki nemi clobetasol, betamethasone, fluocinonide, ko hydroquinone. In kin ga ɗaya daga ciki, ki dakatar da sayarwa. Wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba, shi ya fi ban tsoro, lambar NAFDAC ma ana buga ta jabu. Kwastomominki da suka daɗe suna shafawa kuma kar ki ce su yanke lokaci ɗaya, fuskar za ta yi bore irin na ƙanwar mijin Maman Ilham. A hankali ake janyewa, a hannun likitan fata. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika, suna da sashen fata. Su tafi da robar da tub ɗin a jaka don likita ya ga abin da suke shafawa.

Zee Gyaran Amare:
Biyu daga ciki suna shago, ɗayan yana gida. In na rufe da magariba zan ɗauki hotonsu gaba da baya in turo miki ta akwatin sirri, har da kwalbar. Akwai amarya da ta karɓi roba biyu shekaranjiya, bari in kira ta yanzu in ce ta dakata tukuna.